Kason Maigida

Tun da na dawo daga Kumasi ban huta da tambaya ba. Da na ajiye jaka a wurin aiki sai wata ta ce, "Sista Rabi, ya Gana?" A unguwa haka, a gidan suna haka. Wasu da gaske jaje suke yi mini, wasu kuwa na san tsarabar atamfa suke leƙe. Na gaji da cewa lafiya lau, don ba lafiya lau ba ce. Shi ya sa na zauna na rubuta abin sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, ni nas ce a wani asibiti a Zariya. Na kusa shekara talatin ina aikin, kuma ba a raina ni a kan sanin magani. Yaya Haruna wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya tsaya mini na ci gaba da makaranta bayan rasuwar mahaifinmu, sa'ad da dangi suka ce karatun ya isa haka. Ya tafi Kumasi fataucin goro ina makarantar nas, goron bai karɓe shi ba, ya koma sayar da kayan gyaran mota a unguwar Suame, ya yi aure can, ya zauna. Matarsa Adiza ce ta kira ni wata Talata da hantsi, ta ce ya faɗi a shago, bakinsa ya karkace, an kwantar da shi a babban asibiti. Ta ce likitoci sun rasa gane dalilin da ya sa jininsa ya ƙi sauka. Na ajiye waya ina cewa a raina, bari in je in ga likitocin da hawan jini ya gagara. Ku riƙe mini wannan girman kai nawa, za mu dawo kansa.

Jirgin sama ba na irinmu ba ne. Wata 'yar kasuwa a layinmu, Hajiya Talatu, mai zuwa Kumasi sarin takalma, ta ce in biyo ta mu bi hanyar fatake, ta fi ta Legas sauƙin cunkoso. Muka isa Ilori a gajiye, daga nan muka shiga wata tsohuwar mota mai cin mutum bakwai, aka loda mu goma, ga buhunan albasa a bisa. Hajiya Talatu mace ce mai jiki, kuma ba ta yarda a ce ta matsa. Tun daga Ilori har iyaka rabin cinyarta a kaina yake. Da yake ta san ni nas ce, sai ta buɗe jaka ta nuna mini magungunan ciwon gwiwarta, kala shida, babu ko ɗaya da likita ya rubuta mata. Wannan maƙwabciyarta ce ta ba ta, wancan na mijinta ne da ya rage. Na yi mata faɗa son raina. Ta saurare ni tsaf har na gama, sannan ta ɓallo biyu ta miƙa wa direba, don ya ce kansa na ciwo.

A iyakar farko aka ce kowa ya fito da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Ni da ban san iyakar mutanen da na yi wa wannan allura ba, ashe na bar nawa a aljihun rigar aiki a Zariya. Na yi bayani da Turanci, jami'in ya amsa da Faransanci. Na juya Hausa, ya amsa da Hausar da ta fi tawa daɗi, ya ce ko ni ce shugabar likitocin Najeriya, ba kati ba wucewa. Aka kai ni wata rumfa aka sake tsira mini allurar, Hajiya Talatu na tsaye tana dariya har da riƙe ciki. Hannun ya yi kwana biyu a kumbure.

A Paraku muka sauka gidan wata dattijuwa 'yar Damagaram kusa da tasha, ta ba mu tabarma da ruwan wanka da tuwon masara, ba ta tambaye ni ko sunana ba sai da na ci na ƙoshi. Daga nan har Kumasi abu ɗaya na yi ta gani. Zugu, Kara, Yendi, Tamale, duk garin da muka tsaya akwai zango, kuma duk zango akwai wanda ake ce wa maigida. Ba mai otal ba ne. Ka zo gari ba ka san kowa ba, shi zai ba ka ɗaki, ya nuna maka kasuwa, ya tsaya maka in rigima ta tashi, kai kuma daga ranar ka zama nasa. Mu a Zariya baƙo kwana uku ne ya kama gabansa. Can kuwa Hajiya Talatu ta ce akwai wanda ya yi jikoki amma har yau ana kiransa baƙon wane.

Bayan Tamale motar ta lalace a wani daji, muka yini a gindin bishiya muna cin doya soyayya da wani baƙin yaji da suke kira shito. Kowace sa'a sai na kira Adiza, amsarta ɗaya, yana nan dai. Kwana huɗu muka yi kafin mu ga Kumasi.

Tashar Kejetia ta sa na raina kasuwar Sabon Gari. Mutane ta ko'ina, mata ɗauke da manyan tasoshi a ka suna ratsawa, kowa na ihu da yarensa. Amma abin da idona ya fara kamawa hotuna ne manne a bango da jikin falwaya, tsofaffi da matasa, kowa ya sha ado yana murmushi. Na ɗauka 'yan takara ne. Hajiya Talatu ta ce matattu ne. Ta ce Asantawa, 'yan asalin garin, sukan ajiye gawa a firjin asibiti wata da watanni, sai dangi sun taru daga ko'ina, sannan a yi jana'iza ranar Asabar da baƙaƙe da jajayen kaya, da kiɗa. Na yi a'uziyya na kau da kai, amma duk inda na juya wani mamacin ne ke kallona. A nan muka rabu da ita, na shiga ƙaramar bas da suke kira trotro zuwa zango.

Gidan su Yaya babba ne, ɗakuna sun zagaye tsakar gida, kowane ɗaki da iyalinsa da yarensu, Hausa ce ke haɗa su. Adiza ta rungume ni ta ce, "Anti Rabi, ka zo? Sannu paa, ka gaji." Hausarsu ke nan, mace da namiji duk ka ne, cikin kwana biyu kunnena ya saba. Na ce ta kai ni asibiti yanzu. Ta ce lokacin ziyara bai yi ba, kuma ko ya yi, ba a shiga gidan nan a fita ba a gai da Baba Moro ba.

Baba Moro shi ne maigidan. Tsoho ne da ya haura tamanin, asalin iyayensa mutanen Tawa ne, dogo, gwiwoyinsa sun gaji amma idonsa ras. Shi ya tsinci Yaya a tasha shekarar da goronsa ya ruɓe, ba shi da ko na komawa gida. Ya ba shi ɗaki, ya kai shi Suame wurin wani abokinsa, shi ne kuma ya nema masa auren Adiza. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗiyata, kin iso? Haruna ɗana ne, ba baƙo ba." Da aka sauke abinci, wake da shinkafa jajaye da aka dafa da karan dawa, ga taliya ga gari a kai, na ga Adiza ta fara zubawa a wani kwano mai murfi ta kai ƙofar tsohon kafin ta zuba mini, ni da na kwana huɗu a hanya. Ta ga ina kallo ta ce kason maigida ne. Ta ce tun da ta auri Yaya, babu abin da ya taɓa shigowa gidan nan ta hannunsa, nama ne, sukari ne, yadi ne, da ba a fara cire na Baba ba. Na ce madalla, na ci abincina, ban kawo komai a raina ba.

Da la'asar na ga Yaya. Ya rame, gefen bakinsa na hagu ya sauka, amma yana magana a hankali kuma ya gane ni. Ya ce, "Auta, wa ya ce ki taso?" Na ce bakinsa ne ya ce, da ya karkace ba da izinina ba. Ya yi dariyar rabin fuska. Na fita baranda na yi kukana na dawo.

Washegari na haɗu da likitar da ke kula da shi, Dokta Akosuwa, Ba'asantiya, siririya, ba ta fi sa'ar babbar 'yata ba. Na zo da shirin faɗa, sai ta ja mini kujera ta buɗe fayil ɗinsa gabana. A nan na ji abin da ba wanda ya gaya mini a waya. Ashe wata takwas ke nan Yaya yana cikin wani bincike da asibitin ke yi a kan masu hawan jini. Ana gwada wata sabuwar ƙwaya ne, a ga ko tana kare ƙoda da zuciya da ido. Shi ya sa likitocin sassa da yawa suka haɗa hannu. Duk wata sai mutum ya bi ta sashen zuciya a yi masa hoto, ya je na ƙoda a ɗebi jini da fitsari, ya je na ido a haska masa, sannan a ba shi kwalba biyu. Ɗaya maganin hawan jini ne sananne, irin wanda ni ma nake bayarwa kullum. Ɗayar kuwa lamba ce kawai a jikinta. Rabin mutanen sabuwar ƙwayar ce a tasu, rabin kuma ƙwaya ce ta hoto, sitaci kawai, ba magani a ciki. Na'ura ce ke jefa ƙuri'a, ko likitar ba ta san wa ke shan wanne ba. Ta ce ba wanda ke cutuwa da haka, tun da kowa yana kan maganinsa na asali.

Sannan ta yabi Yaya har na ji kunya. Ta ce bai taɓa saɓa rana ba, kuma duk wata yakan dawo da kwalabensa biyu an shanye daidai, ba ragi ba ƙari. Har misali take yi da shi ga sauran. Amma jinin hawa yake ta yi. An ƙara masa ƙarfin maganin sau biyu, kamar ana zuba ruwa a kwando. Don haka suke zargin akwai wani ɓoyayyen ciwo, ko ƙari a saman ƙoda, ko toshewar jijiya.

Kwana biyu na yi ina tura kekensa daga sashe zuwa sashe. Na ƙoda ya ce ƙodar ta jigata amma bai ga toshewa ba. Na ido ya ce jijiyoyin bayan idon sun fara tsattsagewa, irin na wanda ya daɗe ba ya shan magani, ya duba fayil ya ce amma ga shi yana sha. Na ƙwaƙwalwa ya nuna mini tabon ciwon shanyewar jikin a hoto, ƙarami ne, ya ce in aka kama jinin zai iya tashi ya koma shago. Kowa ya duba nasa yanki da kyau, ya rubuta, ya tura mu gaba. Ban ga sakaci ba, gaskiya, sun fi mu tsari. Ni ma da na zo da baki, kaina ya kulle.

A rana ta uku da safe ina tsakar gida ina shan koko, wanda can har Asantawa ke kira kokon Hausa, da ƙosai, sai Baba Moro ya kira ni ɗakinsa. Ya ce tun da ni ma'aikaciyar asibiti ce, in duba masa wani abu. Ya ɗaga matashi ya ɗauko kwalba ya ce maganinsa ya kusa ƙarewa, ga Haruna a kwance, bai san wa zai karɓo masa ba. Na karɓa na juya ta. Maganin hawan jini ne, sananne. Sunan Yaya ne a jiki, da hatimin asibitin. Tsohon ajami kawai yake karantawa.

Na tambaye shi tun yaushe yake sha. Ya ce tun da ma'aikatan asibiti suka zo harabar masallaci wata Juma'a suka auna mutane. An auna shi da Haruna, duka biyun jininsu ya hau. Aka ɗauki Haruna, shi aka ce shekarunsa sun wuce abin da suke nema, aka ba shi takarda ya je ya bi layi a asibiti. Ya ce da wace gwiwar? Takardar tana nan cikin gafakarsa. Bayan mako guda Haruna ya shigo da kwalba ya ce asibitin ya san al'adar zango, duk wanda aka ɗauka ana ba shi har da kason maigida. Duk wata yakan kawo cikakkiya ya karɓi wadda ta ƙare. Tsohon ya ce tun daga nan jiri ya bar shi. Na ce masa zan duba, na mayar masa da kwalbar na fito.

Ban jira lokacin ziyara ba, na nuna katin aikina aka bar ni na shiga. Na ja labule na ce wa Yaya na ga kwalbar. Bai musa ba. Ya ce ranar farko da ya dawo da maganin ya zauna zai sha, sai ya ji tarin Baba ta bango, ƙwayar ta ƙi wucewa. Ciwo ɗaya, gida ɗaya, shi yana sha tsohon yana kallo? Na ce to me ya sa bai saya masa a kemis ba, ko ya kira ni? Ya ce Baba ba zai karɓi abin da aka saya dominsa ba, zai ce an mai da shi abin tausayi, amma kaso hakkinsa ne, ba ya mayarwa. Na ce to me ya sa ya ba shi sanannen ya riƙe mai lamba? Ya ce likita ta faɗa da bakinta cewa sabon ba a gama saninsa ba, shi kuwa ba zai yi gwaji da jikin tsoho ba. Kuma sabo ne, daga waje ya zo, ai ya fi ƙarfi, shi kaɗai ya ishe shi.

Na ce, "Yaya, ba su gaya maka wata kwalbar babu magani a ciki ba?"

Ya ce, "Sun faɗa, har sau uku, da tafinta. Amma Auta, ke ma'aikaciya ce. Kin taɓa ganin likita ya dubi mara lafiya ya ba shi garin rogo? Faɗa suke yi don kada mu yi ta zuwa da 'yan'uwa."

Na ce yanzu zan je in gaya wa Dokta Akosuwa. Ya kamo gefen mayafina da hannun da ke aiki. Ya ce in na faɗa, magana za ta koma zango, Baba zai ji cewa lafiyar Haruna ya yi wata takwas yana haɗiya, kuma wannan zai kashe shi kafin hawan jini. Ya ce yarinyar nan likita ta yarda da shi, tana nuna shi ga mutane, da wane ido zai dube ta? Ya ce bai taɓa roƙona komai ba tun da aka haife ni. Gaskiya ne, bai taɓa ba.

Ga inda na ce ku riƙe mini girman kaina. Na yi shiru. Na ce a raina, ai yanzu yana gadon asibiti, nas ce ke ba shi maganin a hannu yana haɗiyewa gabanta, jinin zai sauka da kansa, a sallame shi, in gyara sauran a gida ba wanda ya ji. Na ɗauka na fi kowa lissafi. Abin da na sani sarai, wanda nake koya wa ɗalibai, shi na ture gefe. Likitocin nan suna auna maganinsu ne a kan mutumin da suka ɗauka jikinsa ya saba da mai ƙarfi kuma ya gagare shi. A kwanakin farko bayan shanyewar da gangan suka sassauta, ba a saukar da jini da gaggawa a lokacin. A ranar da na yi shiru suka mayar da shi kan cikakken abin da fayil ya ce yana sha, washegari suka ɗora wasu biyu a kai. Na ga takardar da idona. Na buɗe baki, na dubi Yaya, ya girgiza mini kai, na rufe.

Kwana biyu shiruna ya yi. A safiya ta uku ya tashi zaune zai yi alwala, ya sulale. Jinin da ya ƙi sauka wata takwas ya faɗi warwas lokaci ɗaya. Kafin azahar fitsari ya tsaya, ɓarin jikinsa na hagu ya mutu gaba ɗaya, magana ta ɗauke.

Na sami Dokta Akosuwa a baranda na gaya mata komai a tsaye, har da kwana biyun. Na so ta zage ni. Sai ta juya da gudu ta tsayar da magungunan, aka ɗaura masa ruwa, aka kira na ƙoda da na ƙwaƙwalwa. Sai da ta gama wannan ta yi waya inda ake ajiye sirrin lambobin, ta ce rai na cikin haɗari, a buɗe mata tasa. Muna zaune a ofishinta amsar ta zo. Ta dubi wayar ta ce tasa ta hoto ce. Wata takwas Yaya yana haɗiyar sitaci da bisimilla kowace safiya.

Ta dafe kai ta ce ita da kanta ta yi masa bayani. Ta jawo takardar da suke cikewa duk wata ta nuna mini. Akwai layin ƙwaya nawa aka bayar, akwai layin nawa suka rage, akwai layin ko mutum ya manta wata rana. Ta ce, "Babu inda muka tambaya wa ya sha." Sannan ta tambaye ni ko tsohon yana da rai, na ce yana nan garau. Ta ce in kawo mata shi, ita za ta buɗe masa kati, ba zai bi layi ba. Ta ce dole ta rubuta abin da ya faru ta aika wa shugabannin binciken, kuma za ta koma ta tambayi sauran 'yan zango da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Na roƙe ta abu ɗaya, kada tsohon ya ji. Ta ce wannan ba ya cikin abin da takarda ke nema.

An yi wa Yaya wankin ƙoda sau biyu. Yana buɗe ido, yana bin mu da kallo, amma bai sake magana ba. Ban sani ba ko ya gane na faɗa. Ranar Alhamis da hantsi, ina riƙe da hannunsa Adiza na tofa masa addu'a, rai ya yi halinsa.

A nan na ga amfanin maigida. Baba Moro ya aika mutum uku, suka tsaya a kan takardu har aka ba mu gawar a ranar, ba ta kwana a firji ba. Kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi. Mutanen Suame suka rufe shaguna suka zo da baƙin mai a hannuwansu, Musulmi da Kirista. Ranar uku sai ga Dokta Akosuwa da baƙin zane da ɗankwali, ta bi mutane tana gaisawa daga dama zuwa hagu yadda suke yi, ta zauna kusa da ni a tabarma. Adiza har yau ta ɗauka ciwo ne kawai ya ci ƙarfinsa, ban gaya mata ba, kuma ba ta karanta boko.

Bayan addu'ar bakwai na sa Baba Moro a tasi na kai shi asibitin. Nas ɗin da ta auna shi ta sake aunawa, ta ce jininsa ya fi nata kyau, duk wanda ke kula da tsohon nan ya iya. Na fassara masa. Ya ce a gaya mata ɗansa ne. Aka ba shi kati da kwalba mai sunansa, aka ce duk wata Adiza ta zo ta karɓa.

Komawa ban bi hanyar fatake ba, ba ni da ƙarfin hira da kowa. Na yanki tikitin babbar mota mai bi ta Ankara, babban birnin Gana, da Legas, katina na shawara a cikin rigata. Ban tuna komai na hanyar ba sai ciwon baya.

Da safen da zan tashi daga Kumasi na shiga yi wa Baba Moro sallama. Yana zaune a bakin gado, kokonsa a gaba, ya ƙulle mini goro a ganye. Ya ɗauko sabuwar kwalbar da tsohuwar ya jera su a tafin hannu, yana duban rubutun da ba ya iya karantawa. Ya ce ya ga zanen wannan bai yi kama da na wannan ba. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ɗiyata, ke ta asibiti ce, ba za ki ruɗe ni ba. Da gaske suna ba da kason maigida?"

Na ce, "Suna bayarwa, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Ban san abin da ya gani ba, kuma ban sunkuyar da kai ba. Can ya ce to, Allah ya saka musu. Ya buɗe tsohuwar kwalbar, mai sunan Yaya, saura ƙwaya ɗaya a ciki. Ya yi bisimilla ya haɗiye ta da koko, ya ce Allah ya jiƙan Haruna, shekara talatin da wani abu bai taɓa mance kasonsa ba ko sau ɗaya.

Na ce amin, na ɗauki jakata.

Wannan ita ce Ganar da na gani. Atamfa kuwa ban sayo ba, ku yi haƙuri.